Ina Ya Dace a Kafe Jirgin Shata?

Gaisuwa ta musamman ga mutanen bakin ruwa: Sarkawa da Gungawa, da masu fito na Yawuri da Warra da Zamare da Rofiya da Malale da Shagunu, da duk wanda abincinsa ke kan Kogin Kwara da Tafkin Kainji. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Duk ranar da jirgin ruwa ya kife, magana uku ake maimaitawa: lodi ya yi yawa, an yi tafiyar dare, babu rigar kariya. Dukkansu gaskiya ne. Ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya nufi Warra ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, aka ceto 'yan kaɗan. Ba mu manta da ɗaliban Islamiyya na Bagwai a jihar Kano ba, a ƙarshen 2021, ko 'yan biki sama da 100 da suka rasu a yankin Patigi a watan Yunin 2023. Allah ya jiƙansu da rahama. Amma akwai wani gefe na maganar da ba a cika taɓawa ba, shi ne tsayawa. Jirgi ba kullum yake cikin tafiya ba. Ana tsayawa a yi salla, a ci abinci, a jira wani, a gyara inji, a fake wa hadari, wani lokaci ma a kwana. To a ina ake tsayawar? Wa ke zaɓen wurin?

A jirgin fasinja na ranar kasuwa, direba ke da ta cewa. Ya san matsayarsa, can zai kai ku, ko kun so ko kun ƙi. Jirgin shata kuwa daban ne. Dangin amarya sun ɗauki shata, ko 'yan Maulidi, ko masu zuwa ta'aziyya, ko malamin makaranta da ɗalibansa, ko ma'aikatan rigakafi da za su shiga tungaye, ko baƙi daga birni da suka zo shan iska. Wanda ya biya kuɗi shi ne mai gida a ranar. Sai ka ji: "Direba, tsaya nan mu yi la'asar." "Matsa da mu ƙarƙashin waccan bishiya, akwai inuwa." "Kai mu kusa da dam mu ɗauki hoto." Direban kuma sau da yawa yaro ne da aka ba amanar jirgi. Yana jin nauyin Alhaji, yana tsoron a ce ya cika gardama, gobe a ɗauki wani. Sai ya yi shiru ya karkata akala zuwa inda ransa bai kwanta ba. A nan matsalar take. Kuɗin shata ya ba ka jirgi da direba na yini guda, amma bai ba ka sanin ruwa ba. Baƙon gari makaho ne, balle baƙon kogi.

Mu ɗauki Kainji, domin a nan abin ya fi fitowa fili. An soma gina madatsar a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita wajen 130, ya ratsa ƙasar Borgu ta jihar Neja har zuwa Yawuri a jihar Kebbi. Mutum kimanin 44,000 aka tayar, tsohon garin Busa ya nutse, aka gina sabo. Abin da ke ƙarƙashin wannan ruwa ba fili ba ne shararre. Akwai kufai, akwai gonaki, akwai duwatsun Busa da suka ci jirgin Bature Mungo Park tun 1806, sannan akwai daji guda na itatuwa, domin ba dukkansu aka sare ba kafin a tare ruwan. Itacen da ke cikin ruwa ba ya saurin ruɓewa. Fiye da shekara hamsin ke nan, kututturan na nan tsaye, wasu kansu a waje, wasu kamu ɗaya a ƙasan ruwa, ba a ganinsu sai sun huda cikin jirgi.

Ruwan kuma ba ya zama wuri ɗaya. Tsakanin cikarsa da janyewarsa a shekara akwai tazarar mita kusan 10. Cika biyu yake samu. Akwai farin ruwa na damina, mai laka, wanda ke zuwa wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ke tasowa tun daga tsaunukan Gini, ya yi jinkiri a fadamun Mali, ya ratso Yamai da Gaya, sai cikin sanyin hunturu yake isowa. Daga bazara ruwan ya dinga ja baya ke nan har damina ta kankama. Saboda haka inda ka kwana lafiya a watan Janairu, a watan Yuni yana iya zama tsakiyar kututture. Wanda ya ce maka "ai bara a nan muka tsaya", tambaye shi: a wane wata?

To, me ake dubawa kafin a tsaya?

Ƙasan ruwa ake fara tambaya. Ku lura da tsohon mai fito idan ya doshi matsaya. Zai rage wuta tun daga nesa, ya tura yaronsa goshin jirgi da gwangwala. Yaron ya caka, ya zaro, ya duba bakinta. In ta shige da ɗan nauyi, ta fito da baƙin taɓo mai danƙo manne a jiki, sai ka ga ya gyaɗa kai: wurin zai riƙe. In ta yi ƙwas, ta dawo hannunsa da ƙarfi, dutse ne. A kan fa anka ba ta kamawa, sai dai ta yi ta zamewa, in kuwa ta faɗa tsaga to ta maƙale ke nan, sai an yanke igiya. In gwangwalar ta fito da ciyawa, ita ma ba wurin tsayawa ba ne, domin anka za ta cika baki da ciyawa ta biyo jirgi. In ta zurma gaba ɗaya ba ta taɓa komai mai ƙarfi ba, laka ce ruɓaɓɓiya, wanda ya dira a nan sai ya nutse har ƙugu. Yumɓu da taɓo mai ƙarfi da yashi mai tauri, su ne ƙasar da ake nema. Wannan aiki bai fi minti biyu ba, amma shi ne ake katsewa da cewa "kai, yi sauri rana na faɗuwa".

Yawancin jiragenmu ba su da anka ta ƙarfe irin ta kanti. Dutse ne ake ɗaure wa igiya, ko wani guntun ƙarfen mota, ko a kafa turke a gaɓa. Dutse da nauyinsa kawai yake riƙewa, ba ya cizon ƙasa. Dutsen da ya ishi kwale-kwalen masunci ba zai riƙe jirgin katako mai ɗaukar mutum hamsin ba idan iska ta taso. Duba shi da idonka tun a tasha, kafin ka biya.

Sai igiya. Ƙa'idar da matuƙa jiragen ruwa ke bi a ko'ina ita ce tsawon igiya ya ninka zurfin ruwa sau 5 zuwa 7. In zurfin mita 3 ne, ana son igiya mita 15 zuwa 21. Dalili kuwa, doguwar igiya kwanciya take yi, tana jan anka ta gefe, sai ta ƙara nutsewa cikin ƙasa. Gajeriya kuwa sama take ja, igiyar ruwa ɗaya ta ɗaga jirgi sai ta tumɓuke ta. Kuma a sani, jirgin da ke kan igiya mita 20 zai iya zagayawa fili mai faɗin mita 40 in iska ta juya. A duba wannan fili duka: babu kututture? Babu dutse? Babu wani jirgi?

A goshin jirgi ake ɗaure anka, ba a baya ba. Wannan ku riƙe shi da kyau. Baya ne mai nauyin inji, shi ne mafi kusa da ruwa. In aka ɗaure ta nan, ruwa mai gudu zai danne bayan ya cika jirgin kafin a ankara. Ba a kuma wurga anka kamar ana jifa. A fuskanci iska ko gudun ruwa, a sauke ta a hankali, a bar jirgi ya ja da baya ana sakin igiya, kowa ya janye ƙafarsa daga cikin naɗin. Kada a kashe inji sai an tabbata ta kama. Ga yadda ake ganewa: ɗora tafin hannunka a kan igiyar. In ta miƙe shiru, ta kama. In kana jin tana karkarwa, tana ɗan fizga tana saki, to ja take yi a ƙasa. Sannan ka saita abu biyu a tudu, a ce giginya da wani rufin kwano a bayanta. Bayan ɗan lokaci ka sake dubawa. In sun rabu da juna, jirginku tafiya yake yi kuna zaune. A ajiye wuƙa mai kaifi kusa da inda aka ɗaure. Ranar da anka ta maƙale ruwa na shigowa, asarar igiya ta fi asarar rai sauƙi.

Daga ƙasa sai sama. Kowane manomi ya san hadarin damina daga gabas yake haɗowa, kuma iska ce ke riga ruwan isowa. A tudu ƙura za ta tayar ta ɗage rufi. A kan tafki mai faɗi kuwa, inda babu abin da zai tare ta, igiyar ruwa take tarawa tun daga wancan gefe, ta zo ta fasa a wannan. Saboda haka gaɓar da iska ke bugawa ita ce mafi muni, ko da ita ce kusa da gida. Jirgin da aka ɗaure a nan ruwa zai yi ta maka shi da ƙasa har katako ya buɗe. Gaɓar da ake nema ita ce wadda iska ke fitowa daga bayanta, ko bayan wani gungu, ko cikin wani lungu da tudu ya kare. Da damina ke nan a nemi inda tudu ke gabas da kai. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take, ga hazo da ke rufe gaɓa, har mai zuwa ba ya ganin wanda ke tsaye sai ya zo dab. In direba ya kalli gabas ya ce a fake, a fake. In an samu gaɓa mai kyau, kowa ya sauka ya hau tudu, a nisanci doguwar bishiya tilo saboda tsawa. Gara a kai amarya gobe da a kai labari yau.

Akwai wuraren da ko ƙasa ta yi kyau, ko sama ta yi garau, ba a tsayawa. Kusa da madatsa, ta sama ko ta ƙasa. Ta sama ruwa na zuƙowa zuwa injinan wuta. Ta ƙasa kuma, a Kainji ko Jebba ko Shiroro, ranar da aka ƙara sakin ruwa kogi na iya tashi cikin ɗan lokaci, jirgin da aka ɗaure tamau a turke ya karkata ya sha ruwa, ko yashin da kuka shimfiɗa tabarma a kai ya ɓace. Mutanen Binuwai, daga Yola da Numan har Ibi da Makurɗi, sun ga abin da ya biyo bayan sakin ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru a 2012 da 2022. Hoto bai kai a je bakin dam ba.

Haka ƙarƙashin gada, inda ruwa ke murɗawa a jikin ginshiƙai. Haka bayan kwanar kogi, gefen da ruwa ke bugawa: nan ne zurfi, nan ne gudu, nan ne ruwa ke rarake gaɓa ta ƙasa. Bishiyar nan mai inuwa da ta sunkuyo kan ruwa, wadda kowa ke sha'awar a tsaya a gindinta, sau da yawa saiwoyinta a waje suke, jira take. Cikin kwanar, inda ruwa ya lafa yashi ya kwanta, ya fi aminci. Haka mahaɗar ruwa biyu. Haka ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki da suka tsallaka kogi. Haka bakin dandalin kainuwa, domin cikin dare iska na iya turo ta ta kewaye jirgi, ta naɗe farfela, ta yi wa igiya nauyin da za ta ja anka.

Sannan kada a tsaya a kan hanya. Ruwa ma yana da hanyoyinsa, ko da baƙo ba ya ganinsu. Ranar kasuwar Malale ko ta Warra ko ta Yawuri, manyan jirage na bin layi ɗaya da suka saba, cike da buhuna da dabbobi da babura. Jirgi ba shi da birki. Wanda ya kafe a mashigi don a ci abinci ya sa kansa da wasu cikin haɗari. In dare ya kama ku a kan ruwa bisa larura, a ɗaga farar fitila a inda za a gan ta ta kowane gefe, a kuma bar mutum guda ido biyu. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedikwata a Lakwaja, ta haramta tafiya daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe. Ma'anar wannan ga mai shata ita ce ya lissafa tafiyarsa yadda la'asar sakaliya za ta same shi a matsayar da aka sani, ba a tsakiyar tafki yana neman inda zai raɓa ba.

Ruwa kuma yana da masu shi. Akwai dorina a Kwara, tun daga Ayoru ta Jamhuriyar Nijar har yankin Yawuri da Borgu. Da rana tana cikin ruwa, da dare take hawa tudu kiwo, kuma hanya ɗaya take bi. In ka ga gaɓa ta zaftare kamar an yi matakala, ga manyan sawu ga kashi a watse, ba matsaya ba ce, komai kyawunta. Mai ɗa ta fi kowacce faɗa. Yashin da kada ke shan hantsi shi ma ba wurin alwala ba ne. Sai kuma masunta. Gorunan da robobin da kake gani suna reto a kan ruwa alama ce ta kalli ko mamari ko gura da wani ya kafa. Anka ɗaya na iya yaga abin da mutum ya yi shekara yana tara kuɗinsa. Ga kuma halin da ake ciki na rashin tsaro a wasu dazuzzukan Borgu da kewaye. Mutanen wuri sun san gaɓar da ake sauka da wadda aka daina.

Duk wannan ilimi yana hannun mutane, kuma kyauta suke bayarwa. Kowace tasha tana da shugabannin masu jirage, kowane gari na bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa, kowace tunga tana da dattijonta. Matambayi ba ya ɓata. Ka isa, ka yi sallama, ka ce: "Baba, mun ɗauki shata za mu wuri kaza, ina ne za mu iya tsayawa, ina ne ba a tsayawa?" Ba za ka rasa amsa ba.

Shi ya sa nake ganin maganar tsayawa a tudu ake gama ta, lokacin ciniki. Bayan an daidaita kan kuɗi da mai, a zauna da mai jirgi a tambaye shi: ina da ina za mu tsaya? In hadari ya taso a rabin hanya, ina za mu fake? In inji ya mutu, akwai filafili da gwangwala? Igiya mita nawa ce, kuma yaushe aka saye ta? Akwai abin kwarfe ruwa, akwai fitila, akwai riga ta kowa har yara? A bar wa wani a gida sunan matsayar da lokacin da ake sa ran isa, da lambar direba. Sannan jagoran tafiya ya faɗa a gaban kowa, da bakinsa: "A kan ruwa maganar direba ce magana." Wannan magana ɗaya tana kwance wa yaron jirgi harshe, ya iya cewa a'a ba tare da jin ya yi rashin kunya ba.

In kuwa jirgin aka ba ka kai kaɗai ba direba, kamar yadda ake yi a wasu wuraren shaƙatawa, to nauyin duka ya dawo kanka. Ka nemi a nuna maka iyakar da aka yarda ka kai da inda aka hana. Malamanmu na fiƙihu sun yi bayani cewa abin haya amana ne a hannun wanda ya karɓa: in ya lalace ba da sakacinsa ba, babu ramuwa a kansa, amma in ya ƙetare abin da aka yi sharaɗi ko ya yi ganganci, sai ya biya. A mazhabar Malikiyya ma, mai jirgi ba ya cancantar kuɗin fito sai ya isar da abin da ya ɗauka. Ashe tun asali isa lafiya aka saya, ba zaman cikin jirgi ba. To katako ke nan ana biya. Rai fa, wa zai biya?

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure abinsa tukuna sannan ya dogara ga Allah. Wanda aka ce masa nan akwai kututture ya ce a tsaya, ba tawakkali ya yi ba.

Hukumomi ma da nasu. Aikin da NIWA da hukumar HYPPADEC mai kula da yankunan madatsun lantarki suka soma na raba rigunan kariya da cire itatuwa a wasu hanyoyi abin yabo ne, amma tafkin da girma, kututturan da yawa. Muna roƙon a sa alamu masu reto a kan hanyoyin manyan jirage da wuraren haɗari, a gina matsayai masu turaku na ƙwarai a garuruwan kasuwa, a kuma zauna da Sarakunan Ruwa a rubuta abin da suka sani na kowane lungu da kowane wata, tun dattawan na raye. Masu kula da madatsu su riƙa sanar da sakin ruwa a rediyo, da Hausa da Nufanci da sauran harsunan bakin kogi, da isasshen lokaci. Ƙungiyoyin masu jirage kuma su tsaya wa duk direban da ya ƙi bin umarnin ganganci, kada a bar shi ya rasa aikinsa don ya faɗi gaskiya.

Kai kuma direba, ɗan'uwa, kunya ba ta da wuri a nan. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa: "Ranka ya daɗe, nan ba ya tsayuwa, mu ƙara gaba kaɗan." Kai kuma mai shata, Alhaji ko Hajiya, malam ko shugaban tawaga, mutanen da ka tara a jirgin nan amana ce a wuyanka, kuma za a tambaye ka. Ka tambayi masu ruwa kafin ka tashi, ka bar direba ya zaɓi matsaya, ka isa kafin rana ta faɗi.

Allah ya kiyaye mu da ku, a ruwa da tudu.